Bayan rasuwar maigidana, gyaran gida ya dawo kaina

Ni 'yar birkila ce. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai yi boko ba, don haka tun ina firamare ni ce mai riƙe masa littafi: buhu nawa aka sauke, nawa aka fasa, lebura nawa suka zo, wa ya karɓi kafin alƙalami. A lokacin takura nake ganin abin, ƙawayena na wasa ni ina ƙirga buhunan wofi. Ban taɓa riƙe cokalin gini ba, amma na tashi na san buhun siminti kilo 50 ne kuma kwanon sarki biyu yake cikawa, na kuma san yawancin rigimar da ake yi a wajen gini daga awo take farawa.

Jinyar maigidana ta yi tsawo. Duk abin da muka tara magani ya cinye, gidan kuwa ba wanda ya waiwaye shi. Sai bayan da Allah Ya karɓi abinsa, jama'a suka watse, na ɗaga kai na dubi inda nake zaune da yarana. Silin ɗin ɗakinsu ya yi ciki, ya yi baƙin tabo. Bangon falo daga ƙasa fenti ya kumbura, wani farin gishiri na zubowa. Ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ga soket ɗaya da ke warin ƙuna duk lokacin da aka jona dutsen guga. 'Yan'uwa da dama suka ce a sayar kawai mu kama haya. Ban ga laifinsu ba, tausayi ne ya sa su faɗi haka. Ni dai na kasa. Haƙƙinsa da wurin aiki suka biya shi ne kaɗai kuɗin da ke hannuna, kuma na san kuɗi ne da ba zai sake zuwa ba. Idan na zuba shi a gyara aka cuce ni, na rasa kuɗin, gidan kuma yana nan a lalace. Wannan tunanin ya daɗe yana hana ni barci.

Na je wajen wani dattijo, abokin aikin mahaifina, wanda tsufa ya sa ya ajiye cokali. Ya zo ya zagaya gidan ciki da waje, yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, bai ce uffan ba sai da ya gama.

"'Yata, me kike so a fara da shi?"

Na ce, "Baba, falon nan ne ke ba ni kunya idan an yi baƙi."

Ya ce, "Ajiye maganar falo. Ruwa ne ke cin gidan nan, ta sama da ta ƙasa. Kafin ki kore shi, duk abin da kika shafa wa bango kyauta kika ba danshi."

Shi ya jera mini aikin, kuma jerin da ya ba ni shi ne na kowane gyara: rufi tukuna, sai abin da ya shafi ƙarfin gini da danshi, sai wayarin da bututun ruwa da ke shiga cikin bango, sai filasta, sai silin, sai tayil, fenti a ƙarshe. Wanda ya birkita jerin nan sau biyu zai biya kuɗin aiki ɗaya, domin mai famfo zai zo ya fasa tayil ɗin da aka gama jiya. Ya kuma ce in ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin in manta da shi, saboda tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin ciwonsa. Haka kuwa aka yi: da aka sauke silin, gara ta ci katako fiye da yadda kowa ya zata.

Tsagar taga ce kaɗai na kira wa injiniya, na biya shi kuɗin zuwa da rubutaccen bayani. Tsagar da ba ta fi kaurin gashi ba galibi a filasta ta tsaya. Wadda ta kai milimita 5, ko take tafiya a karkace, ko take ƙara buɗewa, ba ta magini ba ce shi kaɗai. Ana gane mai motsi ta hanyar liƙa ɗan kwaɓi a kanta a rubuta kwanan wata. Idan kwaɓin ya dare bayan 'yan makonni, ginin na tafiya. Tamu linta ce, wato kankaren da ke kwance a saman taga, ta gaza, da ƙyar ta hau bango. Ya kamata linta ta zauna a kan bango aƙalla santimita 15 ta kowane gefe. Haka nan duk mai son rushe bango don faɗaɗa ɗaki, ya nemi injiniya kafin guduma ta taɓa shi, don bangon da ke ɗauke da nauyi ba ya nuna kansa daga waje.

Wajen ɗaukar ma'aikata na fi shan wuya, domin mace ce ni, kuma kowa ya san ba namiji a gidan. Na rubuta aikin kowane ɗaki da awonsa a takarda ɗaya, na ba mutum uku-uku a kowace sana'a su sa kuɗi a kan takardar nan. Idan kowa da bakinsa ya faɗi abin da zai yi, ba yadda za a kwatanta su. Wanda ya fi kowa araha nesa ba kusa ba, akwai abin da ya tsallake, ko kuma yana shirin dawowa da "ƙari" a tsakiyar aiki, lokacin da rufinki ke buɗe ba ki da bakin musu. Ban yarda da hoton waya ba. Na ce kowa ya kai ni aikin da ya yi wanda ya ga damina biyu, in yi magana da masu gidan shi ba ya wurin. Sabon aiki kowa nasa kyau gare shi.

Na raba kuɗin hannu da kuɗin kaya. Ma'aikaci ya rubuta abin da yake buƙata, ni in saya, ko mu je tare in karɓi rasit da kaina. Aikin da ake iya aunawa, kamar filasta da tayil da fenti, na ba da shi jinga a kan murabba'in mita. Aikin da ba a san zurfinsa ba, kamar ɓamɓare tsohuwar filasta, shi na biya da yini ina tsaye. Mai jinga sauri yake yi, sai a sa ido kan inganci. Mai yini jan ƙafa yake yi, sai a sa ido kan agogo. Kafin alƙalami kaɗan na bayar, sauran kuma kashi-kashi, kowane kashi bayan na ga matakin da aka gama. Kashi 10 cikin 100 na ƙarshe na riƙe shi har aiki ya nuna kansa, kuma tun ranar farko muka rubuta hakan muka sa hannu da shaida. Wasu sun ji sharaɗin sun tafi. Waɗanda suka tsaya su na yi aiki da su.

Ƙa'idar da na fi riƙewa ita ce kada a rufe komai sai na gani. Rodi kafin a zuba kankare, waya da bututu kafin filasta, katako kafin kwano. Bayan an rufe, sai dai a ɗauki maganar wanda ya yi.

A rufi aka fara gwada ni. Na biya kuɗin kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55, aka sauke mini kaya, rasit ɗin ma haka ya ce. Da na ɗaga gefen falle ɗaya sai na ji ya yi laushi a hannu. Na aro ɗan ma'aunin kaurin ƙarfe a wajen injiniyan, na matse shi a bakin fallen a gaban direba da yaron shago, ya nuna bai kai 0.45 ba, alhali har da fentin jikinsa aka auna. Yaron ya ce, "Hajiya, ai duk haka suke zuwa, ki shiga ciki ki huta, kafinta ya san aikinsa." Na ce, "Malam, mayar da su mota. Ka gaya wa maigidanka abin da na biya shi nake jira." Jikina rawa yake yi, don ban saba ɗaga murya a ƙofar gida ba, amma ban matsa ba sai da aka ɗaure kayan. Kwano mara kauri yana lotsewa idan an taka shi, ramin ƙusa ya buɗe, iska ta yage shi.

Katako ma sai an duba. Ɗanye ya fi nauyi, kuma idan ya bushe a sama murɗewa yake yi, ƙusa ta saki. A shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, musamman bakin da aka yanka. Katakon da ke kwance a kan bango a ɗaure shi da rodi ko ƙarfen da ya shiga kankare, domin iska ba falle-falle take ɗauka ba, rufin take ɗagawa gaba ɗaya idan ba a ɗaure ba. Inda kwano ya hau kan kwano a tsaye, su haɗu da santimita 15 zuwa 20. A gefe kuma tudu ɗaya da rabi. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, da robarta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Kuma a fara jera kwano daga ɓangaren da iska ke nufa, don bakin haɗin ya juya wa ruwa baya.

Danshin falo kuwa daga waje yake. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa a tsakar gida har ta kusa kai daɓen ɗaki, ruwan indararo kuma a gindin bango yake sauka. Ƙasar waje ya kamata ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da layin da ke tare danshi a bango. Aka kwashe ƙasar, aka yi daɓen kankare kewaye da gindin gida mai gangara zuwa waje, aka ɓamɓare filasta har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, aka bar bulo ya sha iska ya bushe, sannan aka sake filasta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin. Wani ya ba ni shawarar in liƙa tayil a bangon kawai in huta. Tayil ɓoye danshi yake yi, danshin kuma ya hau sama ya ɓullo a kan layin tayil ɗin. Kafin duk wannan, sai an tabbatar ba bututu ne ke yoyo a cikin bango ba: a rufe duk famfunan gida, a yi alama a tanki da dare, a duba da safe.

Yashi da siminti nan ne kuɗi ke zirarewa ba a ji. Kafin in karɓi tifar yashi, nakan cika rabin kwalba da shi, in ƙara ruwa da ɗan gishiri, in girgiza in ajiye 'yan awoyi. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan kaurin lakar ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na kaurin yashin, filasta za ta tsattsage, kankare ba zai yi ƙarfi ba. Siminti a duba kwanan watan buhu. Wanda ya haura wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, wanda ya yi gudaji da ba ya murƙushewa a hannu ya sha danshi. A ajiye shi a kan katako, kada ya jingina da bango, kuma a saya daidai aikin sati ɗaya ko biyu. Kullum da yamma nakan karɓi buhunan wofi in ƙirga.

Awon kwaɓi da kwanon sarki na sa a yi, ban yarda da shebur ba, don cikin shebur ya danganta da gajiyar lebura. Kankaren linta da ginshiƙi: buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Filastar cikin ɗaki: buhu 1, yashi kwano 10 zuwa 12. Ta waje da ta banɗaki: kwano 8. A kaurin santimita ɗaya da rabi, buhu ɗaya na filastar ciki yakan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, don haka idan an auna bango ana iya sanin buhu nawa zai ci tun kafin magini ya buɗe baki. Bulo kuma kusan 10 ne a murabba'in mita. Yawan siminti ba gwaninta ba ne, filastar da siminti ya yi wa yawa ita ma tsagewa take yi. Babban abin da ke kashe kankare shi ne ruwa: leburori na son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin zubawa, amma ruwan da ya yi yawa idan ya ƙafe ramuka yake bari a ciki. Kwaɓin da ya fara daskarewa kuma ba a farfaɗo da shi da ruwa, zubarwa ake yi. Rodi kada ya kwanta a kan katako, a ɗaga shi kankare ya lulluɓe shi da santimita 2 da rabi, in ba haka ba tsatsa ta kama shi, ya kumbura ya fasa kankaren. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kuma ba a cire tokaren ƙasan linta kafin sati biyu. Ba da ruwan nan ba ma'aikacin da zai dawo ya yi miki. Ni da babban ɗana muka riƙa yi.

Soket ɗin da ke wari, da aka buɗe, siririyar wayar fitila aka ja masa. Fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 suke so, soket mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa da murhun lantarki kuwa kowanne layinsa daban, da waya mai 4 ko 6 gwargwadon abin da yake ja. Akwai wayar da alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa. Idan cikin ya fito fari, a mayar, don zafi take yi a mahaɗa. Na sa an ja wayar ƙasa zuwa kowane soket, an kuma sa abin katse wuta mai lamba 30mA, wanda ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum. Yana da maɓallin gwaji, a danna a gaban mai wayarin kafin a sallame shi. Waya a cikin bututunta take tafiya, a miƙe sama ko a kwance daga soket, kuma ba a yin haɗi a tsakiyar bututu. Kafin filasta na ɗauki hoton kowane bango da tef a jikinsa, don ranar da za a buga ƙusa.

Mai famfo ya so a rufe bango a ranar da ya gama. Na ce a toshe bakunan bututun, a sake musu ruwa, su kwana a cike. Da safe mahaɗa ɗaya ta jiƙe, ya gyara cikin 'yan mintuna, abin da da an rufe sai an fasa tayil. Layin ruwan zafi ba a yin sa da bututun PVC na ruwan sanyi, PPR ake sawa, wanda ake haɗawa da zafi. Bututun masai mai inci 4 yana son gangarar santimita 2 da rabi a kowace mita. Daɓen banɗaki ya gangara santimita 1 zuwa 2 a mita zuwa magudana, a shafa masa maganin hana ruwa har ya hau bango, a tare ruwa a ciki kwana ɗaya ko biyu a gani kafin tayil ya sauka.

A nan kuɗin ya fara ƙarewa, kuma a nan na yi shawarar da ta fi mini ciwo. Ko in sayi kaya masu araha in gama gidan duka, ko in gama rabi da kaya masu kyau in rufe sauran. Yarana sun ƙosa su koma ɗakinsu, ƙaramar kullum sai ta tambaye ni yaushe. Na zauna da littafi na yi ta lissafi ina kuka, don wanda zan yi shawara da shi ba ya nan. Daga ƙarshe na bar ɗaki biyu da daɓen siminti da bango ba fenti. Abin da ke ɓoye a bango da rufi ban rage masa komai ba. Abin da ido ke gani shi na jinkirta, don ana iya yin sa kowane lokaci ba tare da an fasa wani abu ba.

Tayil na sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma na duba lambar rukuni a jikin kowane kwali, domin launi ɗaya daga rukuni biyu ba ya zuwa daidai. Mai faɗin 60 da 60, guda huɗu a kwali, murabba'in mita 1.44 ke nan. Tayil mai shan ruwa a jiƙa shi kafin a ɗora a kan siminti; mai tauri wanda ba ya shan ruwa kuwa gam ɗin tayil yake so, siminti zalla ba ya riƙe shi sosai. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu. Washegari na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba. Duk wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, sai a ɗaga a sake. Fenti kuwa sai da filasta ta yi kusan sati huɗu, aka fara da na share fage, sannan hannu biyu. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a hannu ɗaya, kuma a gabana ake buɗe bokiti ana ƙara ruwa, daidai abin da aka rubuta a jikinsa.

Kada a ɗauka faɗa na yi ta yi da mutane. Yawancin waɗanda suka yi mini aiki mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, kuma abin da ke ɓata su sau da yawa daga masu gida yake: a canza ra'ayi bayan an gina, a ce ba za a biya ƙari ba, ko a riƙe wa mutum kuɗinsa ranar da ya gama. Ni ranar biya ba na ɗagawa. Idan na canza wani abu, sai mun yi cinikinsa mun rubuta kafin a taɓa. Gyara kuma ga shugaban aiki nake faɗa, a gefe, ba a gaban yaransa ba. Na roƙi 'yan'uwa masu zuwa dubiya kada kowa ya ba ma'aikaci umarni, baki ɗaya ne ke magana a wajen. Idan sana'a ɗaya za ta miƙa wa wata, nakan haɗa su biyun su tsaya su duba tare, don kada gobe mai tayil ya ce magini ne bai daidaita daɓe ba.

Yanzu muna cikin gidan. Damina ta wuce a kan sabon rufin, wuri ɗaya ne ya ɗiga, a mahaɗar kwano da bangon kicin. Na kira kafintan, ya zo a ranar, ya tarar ƙarfen da ke rufe mahaɗar bai shiga cikin bango ba, an liƙa shi ne a kan filasta. Ya tsaga bangon ya cusa shi ya toshe, na ba shi cikon kuɗinsa da na riƙe. Ɗakuna biyun nan suna nan da daɓen siminti, yara sun shimfiɗa leda suna kwana a ɗaya. Ina tara na tayil ɗinsu kaɗan-kaɗan daga albashina, kuma ba zan saya ba sai kuɗin ya isa ɗakunan biyu a lokaci ɗaya, don su fito daga rukuni guda.